Yadda Ɗalibin Mutawassiɗa Zai Rubuta Manazartar Bahasinsa

A makarantun Saudiyya yaro yana yin shekara shida a ibtida'iyya, wato firamare, kafin ya shiga mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, ta shekara uku, kuma galibi a wannan mataki na tsakiya ne malamai suke fara neman a kawo musu bahasi mai shafi uku ko biyar, a rufe shi da shafin da suke kira maraji'i, wanda masu nazari da Hausa suke ce wa manazarta. A zangon karatun da ya wuce, 'yar ƙanwata da ke aji biyu a Jidda ta kawo mini nata bahasin in duba mata kafin ta miƙa, a kan yadda Hausawa suka riƙa zuwa Makka ta ƙasa kafin jirgin sama ya yawaita. Ta yi karatu sosai, ta kuma rubuta abin da ya burge ni, amma da na kai shafin ƙarshe sai na tarar da layi uku kacal: Google, littafin tarihi, Hajiya. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin ukun, domin a nan ɗin ta samo bayananta, sai dai babu wanda zai iya bin ɗaya daga cikinsu ya isa inda ta isa.

Aikin shafin manazarta shi ne ya nuna wa mai karatu hanyar komawa wurin da aka ɗebo magana, har ya buɗe littafin, ya kai shafin, ya ga abin da idonsa. Yaranmu da suka tashi a Makka da Madina da Jidda ba baƙi ba ne ga wannan tunani, ko da ba a taɓa faɗa musu cewa abu ɗaya ne ba, domin tun suna ƙanana suke jin malamin hadisi yana cewa wane ya ruwaito daga wane. A muƙaddimar Sahihu Muslim an kawo maganar Abdullahi bn Mubarak cewa isnadi, wato jerin maruwaita, yana cikin addini, kuma ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Idan uwa ko uba suna son yaro ya fahimci dalilin wannan shafi, su ce masa shi ne isnadin bahasinsa, su kuma ƙara masa da cewa ɗaukar maganar wani ba tare da ambaton mai ita ba cin amanar ilimi ne, ko da an sauya mata kalmomi.

Aikin yana farawa ne tun ranar da aka buɗe littafin farko, tun ran gini tun ran zane. Ɗalibi ya ware shafi biyu a bayan littafin rubutunsa, duk abin da ya karanta ya rubuta bayaninsa a nan take, kafin ma ya kwafi layi ɗaya daga ciki. Yawancin yaran da suke ƙarewa da rubuta «littafin tarihi» ba ragwanci ne ya jawo musu ba. Sun ari littafin ne a masadirut ta'allum, wato ɗakin karatu na makarantarsu, sun mayar, sai daren da za a miƙa aiki suka tuna ana bukatar sunan mai shi. Abubuwan da za a tanada daga kowane littafi su ne cikakken sunan marubuci, da sunan littafin kamar yadda yake a shafin farko na ciki, da bugu na nawa ne, da garin da aka buga, da sunan maɗaba'a, da shekarar bugu, sannan da lambar kowane shafin da aka ɗauki wani abu a cikinsa. Wanda yake da waya a hannu ya ɗauki hoton gaba da bayan wannan shafi, ya huta.

Ɗalibin da ke Saudiyya yana da wata gata a nan wadda ya kamata a nuna masa. Littattafan da ake bugawa a ƙasar suna ɗauke da wani ɗan akwatin bayani a bayan shafin suna, wanda Ɗakin Karatu na Ƙasa na Sarki Fahad da ke Riyad yake tsarawa, kuma a cikinsa za a ga sunan marubuci an riga an juya shi, sunan dangi a gaba, da sunan littafin, da gari, da shekara. Kusan rabin aikin ke nan an yi wa yaro. A ƙarƙashin akwatin akwai lambar ajiya da wata doguwar lamba da ake kira radmak, wato ISBN. Waɗannan na masu ɗakin karatu da masu sayar da littattafai ne, ba a saka su a manazartar ɗan mutawassiɗa.

Sai tsarin jerawa. Akwai tsare-tsare da dama a duniya, kuma biyu da suka fi yawo a makarantu daga Amurka suka fito, wato APA da MLA, ga kuma tsarin malaman Larabci da na addini wanda yake dogara da rubutun ƙasan shafi, abin da ake kira hamish. Kafin yaro ya rubuta komai, ya tambayi ustazu ko abla, wato malami ko malama, wanne ake so, domin wanda zai ba da maki shi ke da magana ta ƙarshe. Idan aka ce masa ya zaɓa da kansa, ina ganin tsarin da ke sa shekara kusa da sunan marubuci, irin na APA, ya fi masa sauƙi, kuma shi ne zai fi cin karo da shi idan Allah Ya kai shi jami'a. A wannan tsari ana fara da sunan dangi, a sa waƙafi, a kawo sunan yanka, a sa shekara cikin baka biyu, a sa ɗigo, a rubuta sunan littafi da rubutu mai kauri ko karkatacce, a nuna bugu, a ƙare da maɗaba'a. Zai fito kamar haka: Wane, Wane (1440H). Sunan Littafi. Bugu na 2. Jidda: Maɗaba'ar Kaza. Sabon bugun APA, na bakwai, ya daina neman sunan gari, amma malamai da yawa na Larabci suna son ganinsa, kuma saka shi ba ya rage komai. Abin da ke rage maki shi ne a yi layin farko da tsari ɗaya, na biyu da wani, na uku da wani dabam.

Sunan marubuci yana da 'yan tarkuna da ya kamata a tsaya a kansu. Ba a saka laƙabin girmamawa a manazarta, don haka Dakta da Shehu da Alhaji da Farfesa duk suna faɗuwa, kuma wannan ba rashin ladabi ba ne, ƙa'idar jerawa ce kawai. A sunayen Hausawan Nijeriya, inda sunan ƙarshe kan zama na uba ko na gari, ana ɗaukar na ƙarshen ne kamar yadda marubucin ya rubuta a littafinsa, saboda haka Abubakar Imam zai shiga a matsayin Imam, Abubakar. A nan Saudiyya kuwa, inda mutanenmu da yawa suke ɗauke da nisba ɗaya, Hausawi ko Barnawi ko Fallata, bai kamata a taƙaita sunan yanka zuwa harafi ɗaya ba, gara a rubuta shi cikakke tare da sunan uba, don kada marubuta biyu su rikiɗe su zama mutum ɗaya. Idan marubutan biyu ne a kawo su duka bisa jerin da ke jikin littafin. Idan kuma babu sunan mutum, sai na hukuma, kamar littafin makaranta da Ma'aikatar Ilimi ta fitar, to hukumar ce marubuciya.

Shekara ita ce wurin da na fi ganin yara suna tuntuɓe, saboda muna rayuwa da kalanda biyu. Ƙa'idar ita ce a rubuta abin da ke jikin littafin: idan Hijiriyya aka sa a rubuta ta da alamarta, idan Miladiyya ce haka nan, idan duka biyun suna nan a kawo su tare. Kada yaro ya zauna yana juya ɗaya zuwa ɗaya da lissafinsa, domin shekarar Hijira guda tana ratsa shekarun Miladiyya biyu. Shekarar 1445, alal misali, ta fara ne a watan Yulin 2023 ta ƙare a Yulin 2024, kuma babu yadda za a yi ya san a wane ɓangare aka buga littafin. Tarko na biyu ya fi wannan ban dariya. A bangon tsofaffin littattafai ana sa harafin ta'un a gaban wata shekara kusa da sunan mawallafi, ma'anarsa shekarar rasuwarsa, sai yaro ya ɗauka shekarar bugu ce, ya rubuta cewa an buga Sahihul Bukhari a shekara ta 256, ko Tafsirin Ibn Kasir a 774, alhali a lokacin babu injin ɗab'i. Shekarar bugu tana can tare da sunan maɗaba'a. Idan an duba ko'ina ba a same ta ba, ba a ƙirƙira ta, sai a rubuta «babu shekara», wanda a Larabce ake taƙaitawa da dalun da ta'un, haka ma idan babu maɗaba'a ko gari.

Tsohon littafi yana da wani mutum na biyu da ba a mantawa da shi, wato muhaƙƙiƙi, wanda ya tattara rubuce-rubucen hannu ya gyara ya fitar. 'Yar ƙanwata ta yi amfani da Akhbaru Makka na Azraƙi, kuma bugun da ta samu tahƙiƙin Rushdi Malhas ne, don haka bayan sunan littafin sai da ta ƙara wannan, sannan ta nuna juzu'i, domin shafi na hamsin a juzu'i na ɗaya ba shi ne shafi na hamsin a juzu'i na biyu ba, kuma shafukan wannan bugu ba za su dace da na wani bugun ba. Littafin da aka fassara ma haka yake, sunan mai fassara yana biyo bayan sunan littafin. Wanda ya karanta a Maktaba Shamila, manhajar nan ta littattafan Larabci, ya buɗe katin littafin da ke farkonsa, a nan zai ga maɗaba'a da bugu, ya kuma ga ko lambobin shafukan sun dace da na bugaggen littafi. Idan ba su dace ba, ya faɗa a fili cewa daga Shamila ya ɗauko.

Alƙur'ani mai girma ba ya bin wannan tsari ko kaɗan. A cikin rubutu ana nuna aya da sunan sura da lambarta, kamar a ce Suratul Hajji, aya ta 27, wadda yarinyar ta buɗe bahasinta da ita saboda tana maganar masu zuwa da ƙafa da kuma a kan raƙuma daga kowace hanya mai nisa. Ba a ba da lambar shafi, ko da yake Mus'hafin Madina mai shafi 604 ya zama ruwan dare, domin akwai wasu bugun da shafukansu suka bambanta. A manazarta kuwa ana sa Alƙur'ani a layin farko shi kaɗai, sama da kowa, ba a jefa shi cikin jerin haruffa. Amma idan ma'anar ayar aka kawo da Hausa, to fassara ce, kuma tana da mai ita. Wanda ya ɗauko daga tarjamar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wadda cibiyar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad a Madina ta buga, dole ya ambace shi ya ambaci bugun.

Hadisi kuma ana nuna shi da littafin da ya fito, da babin, da lambarsa. Hadisin niyya shi ne na 1 a Bukhari, a littafin farkon wahayi, a Muslim kuwa yana cikin littafin shugabanci, lamba ta 1907 bisa ƙidayar Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi. Na ambaci mai ƙidayar da gangan, saboda lambobi suna sauyawa daga bugu zuwa bugu, shi ya sa sunan babi yake da amfani, shi ya sa kuma dole bugun da aka riƙe ya bayyana a manazarta. Abin da ba a karɓa shi ne a ce «ya zo a hadisi» a yi shiru, ko a kwafo shi daga hoton da aka turo a WhatsApp.

Wannan ya kawo mu intanet, inda a gaskiya yawancin yara suke samo kashi mafi girma na abin da suke rubutawa. Google ba tushe ba ne, ɗan jagora ne da ya kai ka ƙofar gida, kuma sunan mai gidan ake nema. Daga kowane shafi a ɗauki sunan wanda ya rubuta, ko na hukumar da ke da shafin idan babu sunan mutum, da ranar da aka wallafa, da kan maganar, da sunan shafin, da cikakken adireshin da zai buɗe ainihin wannan rubutu, sannan da ranar da ɗalibin ya duba, saboda abin da ke intanet yau ana iya sauya shi ko goge shi gobe. Yaron da ya rubuta cewa yawan mutanen Saudiyya ya kai miliyan 32.2 a ƙidayar 2022 ya je shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya ambace ta, ya bar wanda ya tsinci adadin ya sake yaɗawa. Labarin jarida, na Okaz ne ko na BBC Hausa, yana bukatar rana da wata da shekara, ba shekara kaɗai ba. Bidiyon YouTube ana kawo sunan tashar da kan bidiyon da ranar ɗorawa, kuma yana da kyau a nuna mintin da maganar ta zo. Hoto da taswira ma suna da masu su, a rubuta inda aka samo su a ƙarƙashinsu.

Wikipedia wuri ne mai kyau na fara fahimtar batu, amma malamai da yawa ba sa karɓarta a manazarta, don haka ɗalibi ya gangara ƙasan shafin ya bi tushen da aka jera, ya karanta wanda ya samu, ya ambaci shi. Manhajoji irin su ChatGPT kuwa suna iya jero wa yaro sunayen littattafai da marubuta da shekaru masu kyan gani waɗanda babu su a duniya, kuma malamin da ya nemi ɗaya ya rasa ba zai ƙara yarda da sauran ba. Haka bahasin da ake saya a shirye a wasu shagunan hidimar ɗalibai yake, manazartarsa ta wani ce, ba ta yaron ba. Duk abin da ɗalibi bai buɗe da hannunsa ba kada ya shiga jerinsa. Idan ya ga maganar wani malami a cikin littafin wani, bai kuma kai ga asalin ba, ya ce wane ya faɗa kamar yadda wane ya naƙalto, ya sa wanda ya karanta ɗin a manazarta.

Layin da ya fi ba ni sha'awa a shafin 'yar ƙanwata shi ne na uku, wato Hajiya, domin shi ne tushen da babu wani a ajinsu da yake da irinsa. Kakarta ce ta ba ta labarin yadda iyayenta suka baro ƙasar Hausa, suka ratsa Chadi, suka yi shekaru suna noma a Sudan don tara guzuri, suka zauna a Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu, kafin su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Irin wannan hira tushe ce cikakkiya, kuma a nazarin Hausa an saba ware mata wuri a manazarta. Ana rubuta cikakken sunan wanda aka yi hirar da shi, da shekarunsa ko kimaninsu, da wurin da aka yi ta, da ranar, bayan an nemi izininsa a sa sunan. Ya kamata kuma yaro ya bambance abin da tsohuwar ta gani da abin da aka ba ta labari, domin ganau daban jiyau daban, kuma mai karatu yana da haƙƙin sanin wanne ne a gabansa. Tsarin APA yana barin hira a cikin rubutu kawai, ba ya kai ta shafin ƙarshe, saboda haka a nan ma a tambayi malami.

Shafin ƙarshe shi kaɗai ba ya wadatarwa sai an ɗaure shi da cikin bahasin. Duk inda aka kawo maganar wani ko adadi ko ra'ayin da ba na ɗalibin ba, a sa alama a wurin: ko dai sunan dangi da shekara da shafi cikin baka biyu a ƙarshen jimla, ko kuma ƙaramar lamba da za ta kai mai karatu hamish. Maganar da aka kwafo kalma da kalma ana killace ta da alamar zance, wadda aka taƙaita da bakin ɗalibi kuwa ba ta bukatar alamar zance amma tana bukatar ambaton mai ita. Abin da kowa ya sani, kamar cewa Arfa ranar tara ga Zulhajji ce, ba ya neman tushe.

Wajen jerawa, yaronmu kan zo da tushe cikin harsuna uku, don haka ya raba shafin gida biyu: na rubutun Larabci a sama, na boko a ƙasa, inda Hausa da Turanci za su zauna tare. Na Larabci ana bin alifun, ba'un, ta'un, sa'un, ana kuma tsallake alif da lam na farkon suna, sannan mafi yawan malamai suna tsallake Ibn da Abu, ta yadda Bukhari zai faɗa ƙarƙashin ba'un, Ibn Kasir ƙarƙashin kafun, Azraƙi kuma ya zo a sama. Na boko ana bin a, b, c, haruffa masu ƙugiya kuma kowanne ya biyo bayan ɗan'uwansa, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Idan bayanin littafi ya wuce layi ɗaya, a tura layi na biyu ciki kaɗan don sunayen marubuta su fito fili a gefe. Manhajar Word tana da sashen da ke jera manazarta da kansa, amma yakan hargitsa waƙafi da baka idan aka gauraya Larabci da boko, saboda haka ɗan mutawassiɗa mai tushe biyar ko shida gara ya rubuta da hannunsa.

Kafin a kai a buga, a zauna da fensir a bi bahasin daga farko, duk sunan da aka ci karo da shi a ciki a nemo shi a manazarta a yi masa alama. Sunan da ba a samu ba a ƙara shi, layin da ya rage babu alama kuma a cire shi, domin ba a yi amfani da shi ba. Daga nan a miƙa shafin ga wani a gida wanda bai san aikin ba, yaya ko ƙane, a ce ya zaɓi layi ɗaya ya nemo abin da kansa. Da muka yi wa 'yar ƙanwata wannan gwaji, yayanta ya buɗe adireshi biyu ba tare da wahala ba, na ukun ya kai shi shafin farko na jaridar maimakon labarin, sai ta koma ta kwafo adireshin daidai, ta kuma je ɗakin Hajiya da takarda ta tambaye ta cikakken sunanta da na mahaifinta.